Yadda Ake Zaɓen Akwatin Alminiyam Idan Za Ka Haɗa Kwamfutarka da Kanka

Duk wanda ya saba ɗaukar akwatin kwamfuta na baƙin ƙarfe, ranar da ya fara ɗaga na alminiyam zai gane abin da ke jan mutane. Babu nauyi, ga sanyi a tafin hannu, ga wani irin sheƙi mai natsuwa da fenti ba ya iya kwaikwaya. Ni ma abin da ya ja ni ke nan, kuma har gobe ina son sa. Amma akwai wata magana da ta yaɗu a kansa, wadda ya kamata mu kawar tun kafin mu ɗauki rula, domin ita ce ke sa mutane sayen akwatin da bai dace da kayansu ba: wai alminiyam yana sanyaya kwamfuta.

Gaskiya ne wannan ƙarfe, da wasu ke kira goran-ruwa ko sanholo, yana kwasar zafi ya watsa shi da saurin da ya ninka na baƙin ƙarfe sau uku zuwa huɗu. Shi ya sa ake yin haƙoran masanyayin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da shi. To amma leƙa cikin kwamfutar da aka gama haɗawa. Wane abu mai zafi ne yake taɓa bangon akwatin? Firosesa tana zaune a kan madabod, babban allon da ake soka sauran kaya a kansa, madabod yana kan 'yan turakunsa, katin hoto, mai sarrafa hoton da ke fitowa a fuskar kwamfuta, yana maƙale a gurbinsa. Abin da ke tsakaninsu da bango iska ce kawai, kuma iskar da fankoki ke kora waje ita ce ke tafiya da zafin. Akwatin baƙin ƙarfe mai gaban raga ya fi akwatin alminiyam mai toshasshen gaba sanyi, komai tsadar na biyun.

Inda maganar ta zama gaskiya wuri ɗaya ne: akwatunan da babu fanka a cikinsu kwata-kwata, irin waɗanda Streacom da HDPlex suke ƙerawa. A cikinsu ana ɗaura bututun jan ƙarfe daga kan firosesa zuwa jikin bango mai haƙora, sai akwatin kansa ya zama masanyayi. Suna da shiru matuƙa, amma zafin da za su iya ɗauka ƙayyadadde ne, ba a sa musu kayan da ke cin wuta da yawa.

Saboda haka abin da kake saye a alminiyam shi ne sauƙin nauyi, rashin tsatsa, kyan gani, da tsaftar ƙira. Waɗannan dalilai ne masu kyau. Sai dai ba da su ake fara zaɓe ba.

Mataki na farko: rubuta awon kayan cikinka

Kada ka buɗe hoton akwati ko ɗaya sai ka samu takarda ka rubuta awo huɗu. Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa.

Na ɗaya, girman madabod. ATX, ma'aunin da Intel ta fito da shi a 1995, milimita 305 ne da 244. Micro-ATX 244 da 244. Mini-ITX, wanda VIA ta ɓullo da shi a 2001, 170 da 170. Akwai kuma E-ATX, wanda sunan yake da ruɗu, domin faɗinsa yana farawa daga abin da ya ɗan ɗara na ATX har ya kai 330. Idan naka E-ATX ne, rubuta faɗinsa na ainihi, kada ka dogara da sunan. Babban akwati yana karɓar ƙaramin madabod, ƙarami ba ya karɓar babba.

Na biyu, katin hoto, kuma shi awo uku gare shi: tsawo, kauri, da tsayi daga gurbinsa zuwa wajen bangon gefe. Mutane suna duba tsawo su manta da sauran biyun. Ɗauki RTX 4090 wanda Nvidia ta fitar da kanta: tsawonsa milimita 304, tsayinsa 137, kaurinsa gurbi uku. Tazarar gurbi ɗaya milimita 20.32 ce, wato gurbi uku kusan 61. Wannan kati ɗin dai, idan wani kamfani ne ya yi masa riga, yana iya wuce milimita 350 a tsawo. Don haka sunan katin bai isa ba, sai ka nemo awon samfurin da ke hannunka.

A kan tsayin kati akwai ƙarin da ba a rubutawa a takardar awo, wato wayar wuta. Sababbin manyan katuna suna amfani da soket mai fil 16 da ke ɗaukar wuta har wat 600, kuma masu ƙera wayar suna ba da shawara a bar mata kusan milimita 35 a miƙe kafin a lanƙwasa ta. Idan soket ɗin yana kallon bangon gefe, haɗa 137 da 35, ka ga kana bukatar sama da 170. Na taɓa haɗa wata kwamfuta a akwati siriri mai kyan gaske, komai ya zauna daram, sai da na zo rufe murfin gefe na ga yana danne wayar. Danne irin wannan waya haɗari ne, domin fil ɗin da bai zauna sosai ba shi ne ke yin zafi har ya narkar da roba. Dole na canza akwati. Da na yi ƙarin awon nan guda ɗaya, da ya hana wannan asara.

Na uku, masanyayin firosesa. Idan na iska ne, tsayinsa za ka rubuta. Noctua NH-D15 da fankarsa milimita 165 ne, yayin da ƙaramin NH-L9i bai wuce 37 ba, kuma tsakanin waɗannan biyu akwai kowane irin tsayi. Idan na ruwa ne, rubuta girman lagireton: 240, 280 ko 360. Ka tuna lambar nan jimillar faɗin fankoki ce, shi lagireton kansa ya fi haka tsawo saboda tankunan bakinsa biyu, na 360 yana kusantar milimita 400. Kaurinsa kuma, lagireto kusan 27 zuwa 30, fanka 25, jimla 52 zuwa 55. Idan a saman akwati za ka ɗora shi, wannan kauri yana iya cin karo da dogayen RAM ko ƙarafan saman madabod.

Na huɗu, fawa-fak, wato na'urar da ke raba wa kayan ciki wuta. Na ATX faɗinsa milimita 150, tsayinsa 86, tsawonsa daga 140 zuwa kusan 200 a manya. Na SFX 125 da 63.5 da 100, SFX-L kuma tsawonsa 130. Ƙara aƙalla milimita 30 a kan tsawon saboda wayoyin da ke fita daga bakinsa.

A ƙasan takardar rubuta yawan faifan ajiyar bayanai, wato HDD na inci 3.5 da SSD na inci 2.5, da kake da su. Akwatuna da yawa na yanzu sun rage wurin manyan faifai, wasu ma sun cire shi gaba ɗaya.

Mataki na biyu: yanke girman da kake so

Ana auna girman akwati da lita. Ninka tsawo da faɗi da tsayi a milimita, ka raba da miliyan ɗaya. Akwatin tsaye na matsakaicin girma, mai kamar 450 da 210 da 470, ya kai lita 44.

Tambayi kanka abu biyu: ina zai zauna, kuma za a riƙa ɗaukarsa? Idan ƙarƙashin tebur zai shiga ya shekara biyar ba a motsa shi ba, sauƙin nauyi bai ƙare ka da komai ba, kyan fuskarsa ma ba wanda zai gani. A nan ina ganin gara ka sayi na baƙin ƙarfe mai iska sosai, ka zuba rarar kuɗin a fankoki masu kyau. Idan kuwa a kan tebur zai zauna gaban idonka, ko za ka riƙa sa shi a jaka, alminiyam ya samu wurinsa.

Ba mamaki a ƙananan akwatuna ne wannan ƙarfe ya fi yin ƙarfi yanzu. NCASE M1, wanda ya fito a 2013 da kuɗin da masu sha'awa suka tara, lita 12.6 ne. DAN A4-SFX lita 7.2. Dukansu biyu kamfanin Lian Li na Taiwan ne ya ƙera musu, kamfanin da aka kafa a 1983 kuma sunansa ya daɗe yana tafiya tare da alminiyam. Daga baya A4-H2O ya zo da lita 11 da wurin lagireton 240, sai Fractal Terra a 2023 mai lita 10.4. Amma ka san abin da ƙanƙanta take ci. A4-SFX ba ya karɓar masanyayin da ya wuce milimita 48. Terra yana da ƙashin tsakiya da ake matsawa, idan ka ba katin hoto wuri sai na masanyayi ya ragu, tsakanin 48 da 77. Ƙaramin akwati shi ke zaɓa maka kaya. Idan ka riga ka sayi manyan kaya, kada ka wahalar da kanka, nemi babba.

Da takardarka a hannu, duk akwatin da ya gaza a awo ɗaya ka soke shi. Wanda ya yi daidai cif ba tare da rara ba, shi ma ka soke shi, ka bar aƙalla milimita 10 a kowane awo. Ka kuma karanta ƙananan rubutu: sau da yawa tsawon katin da aka rubuta na akwatin da babu lagireto ne a gaba, da ka sa shi sai milimita 55 su tafi.

Mataki na uku: bi hanyar iska

Yanzu ɗauki hoton kowane akwatin da ya rage, ka bi iska da ido tun daga shigarta har fitarta. Ta ina take shiga? Me ke gabanta? Ta ina take fita?

A nan ne akwatunan alminiyam da yawa suke faɗuwa, kuma dalilin a fili yake. Kyan alminiyam yana fitowa ne a shimfiɗaɗɗen fili mai santsi, sai mai zane ya ji ba ya son huda shi. Sai ka ga gaba ɗaya sumul, an bar 'yar siririyar kafa a gefe wai ta nan fankoki uku za su sha iska. Ba za su sha ba. Za su yi ta juyawa suna ƙara, kayan ciki suna gasuwa. Kyan ɗan maciji ke nan.

Abin da za ka nema shi ne gaba ko gefe ko ƙasa mai huji da yawa, a daidai inda fanka take. Idan gaban a rufe yake, duba ko akwai tazara mai faɗi, kamar milimita 25 ko fiye, tsakanin fanka da murfin, da kafofi a ɓangarori biyu. Idan ta ƙasa iskar ke shiga, duba tsayin ƙafafu, domin gajerun ƙafafu a kan kafet daidai suke da toshewa. Fanka mai milimita 140 tana kora iska daidai da ta 120 a juyi mafi sauƙi, don haka ta fi shiru. Akwatin da ke karɓar 140 ya samu maki a wurina.

A ƙananan akwatunan da ake raba ciki biyu, madabod a gefe ɗaya, katin hoto a ɗayan, kowanne yana shan iska kai tsaye ta hujin bangonsa. Tsarin yana aiki sosai, sai dai idan fankar ta matso jikin hujin ƙwarai takan yi wani irin fito mai damun kunne. Rarar milimita biyar ko fiye tsakaninsu tana rage shi.

Sai ƙura. Ka so iskar da ke shiga ta ɗan fi mai fita yawa, kuma ta shiga ta matata. Haka yana sa iska ta riƙa fita ta ƙananan kafofi maimakon ta shigo da ƙura ta cikinsu. Ga wani abu da ba kowa ke tunawa ba: maganaɗisu ba ya kama alminiyam. Matatar ƙura mai maganaɗisu da fitilun ado masu manne da maganaɗisu ba za su zauna a jikinsa ba. Don haka duba ko akwatin ya zo da matatarsa mai zamiya ko mai maƙali, kuma ko za ka iya zare ta ba tare da ka kwantar da kwamfutar ba. Matatar da fitar da ita ke da wahala, ba za ka wanke ta ba.

Mataki na huɗu: gane ko alminiyam ɗin ƙashi ne ko riga

Kalmar alminiyam a jikin kwali tana iya nufin abu uku. Ko dai akwatin gaba ɗaya, ciki da waje, kamar tsofaffin akwatunan Lian Li da Temjin TJ07 na SilverStone. Ko ƙashin baƙin ƙarfe da aka yi wa rigar alminiyam. Ko kuma ɗan falle ɗaya a gaba da aka manna a kan roba. O11 Dynamic na Lian Li, na 2018, da ya shahara ƙwarai, yana cikin kashi na biyu: ƙashinsa baƙin ƙarfe ne, da gilashi, da alminiyam a waje, kuma haka aka rubuta a takardarsa.

Kashi na biyun ba aibi ba ne. A babban akwati ma ni na fi son sa, domin ƙashin ƙarfe ya fi riƙe sukuru da nauyin kati, riga kuma ta ba ka kyan da kake nema. Abin gudu shi ne ka biya kuɗin na farko a ba ka na uku. A takardar bayani nemi layin da ya faɗi kayan ƙira. Idan ka ga SECC ko SGCC ko SPCC, baƙin ƙarfe ne. Idan akwatin yana gabanka, ɗan maganaɗisu zai gaya maka gaskiya cikin daƙiƙa: inda ya kama ƙarfe ne, inda ya zame alminiyam ne ko roba, kuma sanyin taɓawa zai raba maka waɗannan biyun.

Daga nan sai kauri, wanda shi ne ainihin abin da ke raba akwati mai kyau da na banza. Alminiyam yana da nauyin giram 2.7 a kowace santimita kubik, baƙin ƙarfe kusan 7.85. Amma taurinsa wajen lanƙwasuwa ma kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe. Don falle na alminiyam ya tsaya kamar na ƙarfe, sai an ƙara masa kauri da kusan kashi 40 cikin ɗari. Wato abin da ƙarfe mai milimita 0.8 zai yi, alminiyam sai ya kai 1.1 zuwa 1.2. Idan aka yi haka nauyin yana komawa kusan rabin na ƙarfe, ba kashi ɗaya cikin uku ba kamar yadda ake zato.

Ga yadda nake yanke hukunci. Babban bangon gefe mai milimita 1 ko ƙasa da haka zai riƙa lotsawa idan ka danna, zai kuma yi rawa da girgizar fanka. Milimita 1.5 ya yi. Daga 2 zuwa sama ka samu abu mai ƙwari. Ƙaramin akwati yana iya wucewa da 1.5 lafiya lau, saboda fallensa ba shi da faɗi. Kamfanin da bai rubuta kauri ba ko kaɗan, ina ɗaukar shirun nasa a matsayin amsa. Idan ka ga lambobi irin 5052 ko 6061 ko 6063, nau'in gaurayen ƙarfen ne: na farkon ana yawan amfani da shi a fallen da ake lanƙwasawa, sauran biyun a sassan da inji ke sassaƙawa ko ake tura su ta ma'auni. Duk suna da kyau, kada lambar ta ɗauke maka hankali daga kauri.

Kada kuma ka ɗauka duk akwatin alminiyam mara nauyi ne. Power Mac G5 na Apple, na 2003, jikinsa alminiyam ne mai kauri, amma ya haura kilo 17. Gilashi ma yana cinye rangwamen: murfin gilashi mai kaurin milimita 4 da faɗin 450 da 450 kusan kilo 2 ne, alhali na alminiyam mai 1.5 bai kai kilo 1 ba. Idan sauƙin ɗauka kake nema, bar gilashi. Duba nauyin da aka rubuta ka kwatanta kai tsaye.

Mataki na biyar: ramukan sukuru da yadda aka haɗa bango

Alminiyam ƙarfe ne mai laushi, sukuru kuma na baƙin ƙarfe ne. Idan an yanka tiredi kai tsaye a cikin siririn falle, bayan an kwance an ɗaure sau goma ko ashirin sai ya cinye, sukuru ya riƙa juyawa ba ya kamawa. Akwati na farko da na mallaka na alminiyam haka ya yi mini a ramin da ke riƙe katin hoto, wurin da aka fi bukatar ƙarfi. Masu ƙira na kirki suna dasa 'yan noti na baƙin ƙarfe a cikin ramukan. A hoto na kusa za ka gan su kamar ƙaramin zobe mai launi daban a bayan falle. Neme su musamman a wurin katin hoto, wurin fawa-fak da murafan gefe.

Ko da akwai su, ka san sukurorinka. Iri biyu ne a kwamfuta: 6-32 mai ɗan kauri da manyan haƙora, na fawa-fak da faifan inci 3.5, da M3 mai siririn tiredi, na SSD ɗin inci 2.5. 'Yan turakun madabod suna iya zama kowanne, ya danganta da akwatin. Tura 6-32 a ramin M3 da ƙarfi yana kashe ramin nan take. Fara kowane sukuru da yatsu, idan ya ƙi shiga cikin sauƙi ka fitar ka duba. Da ya tsaya, ƙara ɗan juyi kaɗan ka bari. Sukundireba mai batir ba ta da aiki a nan.

Murafan da ake ɓallewa da maƙalai sun fi na sukuru daɗin aiki, sai dai ka duba ko ana samun maƙalan canji, domin na roba suna karyewa.

Mataki na shida: fuskar ƙarfen

Yawancin alminiyam ɗin akwati ana yi masa abin da ake kira anodaizin: a tsoma shi a ruwan asid, a sa masa lantarki, sai wata siririyar fata mai tauri ta tsiro daga jikin ƙarfen kansa, a zuba rini a cikin ƙofofinta a toshe. Ba ta ɓarewa kamar fenti. Amma idan abu mai kaifi ya karce ta har farin ƙarfen ya fito, babu gyara.

Fuska iri biyu aka fi gani. Mai zane-zanen buroshi tana da kyau a haske, amma baƙarta tana kama shatin yatsu sosai, maiƙon hannu yana shiga cikin layukan. Mai laushin yashi, wadda aka fesa wa ƙananan ƙwayoyi, ta fi ɓoye shati. Launin azurfa ya fi kowane haƙuri, domin ko ya karce, launin ciki da na waje kusan ɗaya ne. Fari kuwa ba a samunsa ta anodaizin, duk farin akwatin alminiyam fenti ne aka yi masa, don haka yana iya ɓantarewa a gefuna. Wajen gogewa, tsumma mai laushi da ɗan ruwa sun isa. Ka nisanta shi da bilic da duk wani sabulu mai soda mai ƙarfi, suna cin fatar.

Wannan fata ba ta wuce da lantarki. Idan mai ƙira bai kankare ta a wuraren haɗuwa ba, wani murfi yana iya zama ba shi da haɗi da layin ƙasa na fawa-fak. Alamar ita ce ka taɓa gaban akwati ko ka soka USB, ɗan tartsatsin jiki ya sa allo ya ɗauke ko kwamfuta ta sake tashi. Akwatin kirki yana da 'yar waya daga allon soket na gaba zuwa ƙashi. Idan masu amfani da wani samfuri suna yawan kawo wannan kuka, wuce shi.

Wasu kuma suna tsoron haɗa akwatin alminiyam da sanyayawar ruwa, saboda sun ji alminiyam da jan ƙarfe ba sa shiri. Rashin shirin yana faruwa ne idan ruwa ɗaya yana ratsa su biyun. Bangon akwati ba ya taɓa ruwan, don haka babu abin damuwa.

Mataki na bakwai: ƙara

Nauyi shi ke danne girgiza, alminiyam kuwa ba shi da shi. Faifan HDD mai juyi 7200 a minti yana girgiza sau 120 a daƙiƙa, siririn bango sai ya ɗauka ya mayar da shi gurnani. Famfon ruwa ma haka. Idan kana da irin waɗannan, nemi akwatin da ke ɗora su a kan roba, mai murafan da ke zama dam. Idan SSD kaɗai gare ka, wannan mataki bai dame ka sosai ba.

Mataki na takwas: soket na gaba da kebul ɗin raiza

Dubi soket ɗin gaban akwati ka gwada da madabod ɗinka. USB-C na gaba yana bukatar mazauninsa na musamman a madabod, kuma ba kowane madabod ke da shi ba. Idan babu, ramin zai zauna ba aiki sai ka sayi abin juyi.

Idan akwatin yana ɗora katin hoto ta kebul ɗin raiza, wato wayar da ke haɗa katin da madabod daga nesa, kamar yawancin ƙananan nan masu ciki biyu, duba zamaninsa: PCIe 3.0, 4.0 ko 5.0. Idan kebul ɗin 3.0 ne, kati da madabod kuma 4.0, kana iya kunnawa ka ga allo baƙi ƙirin ko hoto yana yankewa. Maganinsa shi ne ka fara soka katin kai tsaye a madabod a wajen akwati, ka shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ka saukar da gurbin zuwa zamani na 3, sannan ka haɗa. Mafi sauƙi dai ka sayi akwatin da kebul ɗinsa ya dace tun farko. A bayan farantin madabod kuma, nemi sararin wayoyi na kusan milimita 20 ko fiye a babban akwati, domin murfin alminiyam da aka tilasta rufewa a kan tulin wayoyi yana kumbura, kuma ba ya komawa daidai.

Mataki na tara: tsakanin biyun ƙarshe, da ranar da ya iso

Zuwa yanzu bai kamata ya rage maka fiye da biyu ko uku ba. Sauke littafin haɗawa na kowanne daga shafin kamfanin ka karanta, a nan ne ake ganin abin da hoton talla ya ɓoye, kamar cewa sai an cire kejin faifai kafin dogon kati ya shiga. Nemi gwajin da aka yi da ma'aunin zafi da na ƙara, da kaya masu cin wuta kusa da naka. Nemi kuma hoton wani da ya sa irin katinka a cikin irin akwatin, gani ya kori ji. Idan har yanzu sun yi kunnen doki, ɗauki wanda ya fi iska; idan iskar ma ɗaya ce, ɗauki mai kauri; daga nan ne kawai za ka bar ido ya zaɓa.

Ranar da ya iso, kada ka fara ɗaura komai. Alminiyam yana lotsawa a hanya fiye da ƙarfe, musamman a kusurwoyi. Ajiye shi a kan tebur mai shimfiɗa ka ga ko ƙafafu huɗu suna taɓa ƙasa. Cire kowane murfi ka mayar. Duba launin murafan a hasken rana, domin rinin anodaizin yakan bambanta daga falle zuwa falle. Shafa gefunan ciki a hankali ka ji ko akwai kaifi da zai yanki waya. Gwada sukuru a kowane rami da yatsu. Ƙirga 'yan turakun madabod ka tabbata kowanne yana daidai da rami a madabod ɗinka, ka cire duk wanda ya yi rara, domin turke a wurin da babu rami yana haɗa wuta a bayan madabod. Duk aibin da ka gani a wannan lokaci ana iya mayar da kaya a kansa, bayan ka karce shi da sukundireba kuwa magana ta canza.

Wajen haɗawa shimfiɗa tawul, ka ajiye murafan nesa da kayan aiki, ka cire agogo da zobe. Idan akwai gilashi, kada gefensa ya taɓa tayil.

Bayan kwamfuta ta tashi, yi gwaji ɗaya. Ba ta aiki mai nauyi na minti 30 da murafai a rufe, ka rubuta zafin firosesa da na katin hoto. Cire murfin gaba ko na gefe ka maimaita na wasu minti 30. Idan bambancin digiri biyu ne ko uku, akwatin yana numfashi yadda ya kamata. Idan ya kai takwas ko goma, iska ba ta isa: fara da ƙara fankar shiga a ƙasa ko a gefe, ka duba ko matatar ƙura ta yi ƙanƙantar ido, sannan ka tambayi kamfanin ko suna sayar da murfin raga na wannan samfurin, domin da yawa suna yi.